Hasashen ruwa a waya da duwatsun ƙasar Ƙonni

Da zarar damana ta kama, ɗan kasuwar da zai loda albasa a Galmi ko siminti a Malbaza yakan duba wayarsa kafin ya yi jinga da mai mota. Wayar takan rubuta sunan garin, ta zana hadari ko rana, har ta faɗi lokacin da ruwa zai sauka. Haka malamin gona a Illela yake yi kafin ya ba manoma shawarar shuka. Tun da dukiya da rayuka ake ɗorawa bisa wannan zane, ya kamata a san inda yake fitowa da kuma iyakar gaskiyarsa.

Ba a cikin garin ake auna wannan hasashe ba. Manyan kwamfutoci ne na Turai da Amurka ke lissafa shi. Sukan raba duniya gida-gida kamar gurabun dara, kowane gida a ba shi zafi ɗaya, iska ɗaya da tudu ɗaya. A lissafin cibiyar hasashen yanayi ta Turai, mai mazauni a Reading ta Ingila, faɗin gida ya dawo wajen kilomita 9 tun 2016. Ke nan Birnin Ƙonni da wani yanki na gonakin rani da ke kewaye da shi suna iya faɗawa cikin gida ɗaya ko biyu. Faransa tana da lissafin AROME, wanda gidansa ya dawo kilomita 1 da mita 300 a 2015, amma don ƙasarta ta tsara shi haka.

To, ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. A gindin Adar take, inda tudun dutse da fako ke saman kwaruruka irin na Maggiya da na Badagishiri. Da rana dutse yakan riga fadama ɗaukar zafi, da dare iska mai sanyi ta gangaro ta kwanta cikin kwari, shi kuwa gari mai kwalta da rufin kwano yakan riƙe zafinsa har bayan lisha. Lissafin da ke ba gida guda adadi ɗaya yakan aske tudu ya cike kwari, ya fito da wata ƙasa ta tsaka-tsaki wadda babu mai zama cikinta.

Abu na biyu shi ne halin ruwan Sahel. Mafi yawan ruwan shekara yana zuwa ne daga manyan hadura ƙalilan masu tasowa daga gabas su nufi yamma, suna cin kilomita 40 zuwa 60 a awa, kuma ba sa zuba daidai wa daida. Tun 1990 masu bincike na ORSTOM tare da ma'aikatar meteyo ta ƙasa suka kafa ma'aunan ruwa wajen 100 a kewayen Yamai. A damanar 1992 an samu ma'aunai biyu da tsakaninsu bai wuce kilomita 10 ba, amma ruwan da suka tara ya bambanta da fiye da milimita 200. A ƙasar da ruwan shekara yake wajen milimita 500, wannan bambanci shi ne tsakanin cikar rumbu da sayen hatsi tun bazara. In haka ta faru a kewayen Yamai, ba abin mamaki ba ne a yi ruwa a Tsarnawa ƙura na tashi a Dogarawa.

Masana ba su ɓoye wannan rauni ba. A 2018 masu bincike na Karlsruhe ta Jamus suka gwada hasashen ruwa na manyan cibiyoyin duniya a kan Afirka ta Yamma, na kwana 1 zuwa 5, suka tarar in ba a yi masa gyara ba bai kai wanda ya dogara da rijistar ruwan shekarun baya ba. Lissafi mai ƙananan gidaje yakan fi kwaikwayon siffar hadari da lokacin tashinsa, amma sau da yawa yakan ajiye shi a kwarin da ba nan zai zuba ba. Dalili kuwa, lissafi yana farawa ne daga awon da aka ba shi. Manyan tashoshin meteyo da aka sani a jihar su ne na Ƙonni da Tawa, kuma tsakaninsu ya haura kilomita 100.

Haɗarin yana ƙaruwa. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kuma ambaliyar 2024 ta ci rayuka kusan 400 a Nijar. A ƙasar duwatsu ba ruwan da ya sauka bisa rufin mutum kaɗai ke cutarsa ba. Wanda ya zuba bisa fako ba ya nutsewa, ƙorama yake bi, ya iske direba a mashigi alhali wayarsa na nuna rana. Ruwan da ke cika madatsun Mozage da Zongo, waɗanda gonakin rani na Ƙonni suka dogara da su, shi ma daga saman Maggiya yake gangarowa, ba daga sararin birnin ba.

Wannan bai sa a yi watsi da hasashe ba. Yana da amfani wajen zafi da hazo da sanin makon da hadari zai yawaita a jiha. Sai dai a karanta shi a matsayin labarin yanki. In waya ta ce kashi 60 cikin 100, ma'anarsa a rufe kaya da tampol, ba a yi shuka a busasshiyar ƙasa ba, don ba a zubar da ruwan tulu saboda ganin hadari. Abin da ya fi tabbas shi ne na awoyi kaɗan. Tauraron Meteosat yana aiko hoto a kai a kai, kuma hadarin da ya wuce Madawa yakan iso Ƙonni cikin kamar awa biyu. Sanarwar meteyo a rediyo da kiran abokin ciniki na gabas sun fi zanen jiya.

Saura aikin ma'aikata. Ma'aunin ruwan da ke harabar ofishin gona ko na magajin gari shi ne abin da ake gyara lissafin da shi, a ma'aikatar meteyo da kuma cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai. Duk safiyar da aka bar shi ba a karanta ba, an rage wa garin hanyar a san halin ruwansa. Allah ya ba da damana mai albarka.