Babban Baƙi Ba Ado Ba Ne

Darasin sunan yanka yana cikin darussan farko da ake koya wa yaro a nahawu, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Malami zai rubuta Landan da Legas a allo, yara su rera, a share, a wuce. Ra'ayina shi ne wannan hanya tana cutar da ɗalibi, kuma cutar ba ta fitowa fili sai ya shiga ajin kimiyya.

Sunan yanka shi ne wanda ya keɓanta da mutum ɗaya ko wuri ɗaya, kamar Kazaure ko Roni, ana kuwa fara shi da babban baƙi. Suna gama-gari kuwa na tarayya ne, kamar gari ko dutse. Don me za a je Landan neman misali, alhali ga shi a ƙofar gida? A rubuta wa yaro gwiwa da Gwiwa: ta farko gaɓar ƙafa ce, ta biyu ƙaramar hukuma. A rubuta babura da Babura: na farko ababan hawa ne, na biyu gari. Haka dutse da Dutse, hedkwatar Jihar Jigawa da aka ƙirƙiro daga Kano a 1991. Haka kanya, itaciyar da yara ke shan 'ya'yanta, da garin Kanya Babba na ƙasar Babura. Yaron da ya ga baƙi ɗaya ya raba gabar jikinsa da gari guda ba zai ƙara ɗaukar babban baƙi a matsayin ado ba.

To, ina ruwan ilmin halittu da wannan? Ruwansa da tsaki. Itaciyar da Bahaushe ke kira kuka tana da wani suna a wurin Bafillace, wani kuma a wurin Babarbare. Domin kauce wa ruɗani, Karl Linniyas, mutumin Suwidin, ya daidaita tsarin suna mai kalma biyu a littafinsa na tsirrai na 1753. Kalmar farko ta dangi ce, da babban baƙi. Ta biyu ta iri ce, da ƙaramin baƙi. Don haka kuka ta zama Adansonia digitata, tsamiya Tamarindus indica, ɗorawa Parkia biglobosa. Sau da yawa ma sunan mutum ne a ɓoye a ciki: Adansonia daga Mishel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarin tsirrai a Senigal, Parkia kuwa daga Mungo Park, wanda ya halaka a Busa a 1806. Sai dai a lura: sauron zazzaɓin cizon sauro, Anopheles gambiae, ya samo kalmarsa ta biyu daga Gambiya, amma duk da haka da ƙaramin baƙi ake rubuta ta. Ɗalibin da bai ƙware a ƙa'idar farko ba, yaya zai gane wannan togaciya? Ga shi kuma kuskure a rubutun irin waɗannan sunaye yana jawo asarar maki a jarrabawar kammala sakandare.

Wani zai ce ai ajami ba shi da babban baƙi, kuma kakanninmu sun fahimci juna. Gaskiya ne, domin mahallin zance yana warware musu. Amma sunan kimiyya yakan tsaya shi kaɗai a kan kwalba ko takardar gwaji, babu zancen da zai taimake shi.

Saboda haka ina kira ga malaman Hausa da na kimiyya da su haɗa kai. A sa yara su rubuto sunayen ƙauyukansu, su ware waɗanda suka yi daidai da sunan itace ko dabba, sa'an nan a nemo musu sunan kimiyya na kowanne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace.