Sharhi: Sauƙaƙa Manhajar Sunaye da Adireshi a Ofisoshinmu na Karkara

A ƙarshen shekarar 2022, ƙungiyar ISC ta ƙasar Amurka ta daina kula da manhajarta mai suna ISC DHCP, wadda ta daɗe tana raba wa kwamfutoci adireshi a ma'aikatu da makarantu a faɗin duniya. Ta shawarci jama'a da su koma ga magajiyarta mai suna Kea. Wani zai ce ina ruwan mutumin Zandam da wannan labari. Amma duk ofishin da aka haɗa kwamfutocinsa wuri ɗaya, walau sakatariya a Gwaram ko makaranta a Birnin Kudu, yana dogaro ne da irin wannan aiki.

Ayyuka biyu ne muke magana a kansu. Na farko shi ne DHCP, wato ba kowace na'ura lambar adireshi da zarar an kunna ta, kamar yadda mai unguwa ke nuna wa baƙo masauki. Na biyu shi ne DNS, wanda ke mayar da suna zuwa lamba, domin ma'aikaci ya kira injin buga takardu da sunansa ba sai ya haddace lambobi ba. Idan ɗayansu ya tsaya, ko da akwai wuta da intanet, aiki ya tsaya. Manomin da ya biya kuɗin mota daga Zandam don karɓar takarda sai ya koma gida hannu rabbana, ya sake biyan wani kuɗin gobe.

Tsarin da aka saba shi ne haɗa ISC DHCP da wata manhaja mai suna BIND, wadda ta samo asali daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a shekarun 1980. Babu mai musun ƙarfinsu. Sai dai kowace tana da nata fayil na umarni, kuma sai ƙwararre ne ke iya sa su aiki tare. Mantuwar ɗigo ɗaya a ƙarshen suna ta isa ta rikita ofis.

Hanya mai sauƙi ita ce dnsmasq, wadda Simon Kelley na Ingila ya fitar a 2001. Kyauta ce, kuma tana yin ayyukan biyu da gajeren fayil guda. Da ta ba kwamfuta adireshi, nan take za ta rubuta sunanta. Tana kuma ajiye amsoshin da ta samo daga waje, abin da ke rage jira inda layin intanet ke da rauni. Saboda ƙanƙantarta, tana cikin na'urorin raba intanet da yawa da ake sayarwa a kasuwa.

Jigawa na cikin jihohin da suka fara rungumar fasahar sadarwa, tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, lokacin da aka kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure. A ganinmu, sayen kayan aiki ba shi ne mai wuya ba, kula da su ne. Tsarin da sai an jira injiniya daga Dutse kafin a gyara shi bai dace da ofishin karkara ba.

To amma a yi hattara. An ƙera dnsmasq ne domin ƙananan hanyoyin sadarwa. Babbar ma'aikata mai rassa da dubban na'urori, BIND da Kea ne suka fi dacewa da ita: daidai ruwa, daidai tsaki. Haka kuma sauƙi ba ya nufin sakaci. A watan Janairun 2021 masu bincike sun bayyana kafofi 7 da ɓarayin intanet za su iya bi a cikin dnsmasq, aka toshe su a fitowa ta 2.83.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da na makarantu da asibitoci da su tambayi ma'aikatansu wace manhaja ke raba adireshi a ofishinsu, kuma yaushe aka sabunta ta. Inda za a canza, a fara rubuta sunaye da lambobin dukkan na'urori, a yi canjin bayan an tashi aiki, a kashe tsohuwar kafin a kunna sabuwar don kada su riƙa raba adireshi ɗaya ga na'urori biyu. Sannan a koya wa aƙalla ma'aikata biyu, a ajiye kwafin umarnin a hannun shugaban ofis.