A Auna Mana Rabonmu Na Sabon Adireshin Intanet

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowace waya da ta hau intanet sai an ba ta lamba, wato adireshinta, don saƙo ya san inda zai nufa. Tsohon tsarin lambobin, IPv4, adireshi wajen biliyan 4.3 kaɗai yake ɗauka, ga shi kuwa mutanen duniya sun kai biliyan 8 tun 2022. A watan Fabrairu na 2011 babbar ma'ajiyar duniya ta rabar da na ƙarshe. Shi ya sa aka fito da IPv6, wanda yawan lambobinsa ya fi gaban lissafin ɗan makaranta, aka ƙaddamar da shi ran 6 ga Yuni, 2012.

To, me ya dame mu a Gwarzo da Kabo? Ku duba yadda wasiƙa take zuwa makarantar kwana. Akwatin gidan waya ɗaya ne ga ɗalibai ɗaruruwa, sai an kawo jaka a zauna a rarrabe. Haka kamfanonin waya suke yi saboda ƙarancin tsofaffin lambobi: wayoyi masu yawa a bayan lamba guda. In mutum ɗaya ya yi ɓarna aka toshe lambar, ya shafa wa sauran kashin kaji, har da mai neman duba sakamakon jarrabawarsa.

Akwai masu auna yadda sabon tsarin yake yaɗuwa. Kamfanin Google yana ƙirga masu shigowa wajensa ta IPv6. A 2012 ba su wuce kashi 1 cikin ɗari ba, a 2022 suka kai kashi 40. Hukumar APNIC ta Ostireliya kuma tana ɓoye ɗan gwaji cikin tallace-tallacen intanet, wayarka ta amsa ba tare da ka sani ba. Indiya da Faransa sun haye rabi. Nijeriya tana can baya nesa.

Ni dai a ganina wannan awo bai ishe mu ba. Google lamba ɗaya yake ba ƙasa baki ɗaya, an haɗa Legas da Getso da Garo cikin mudu guda. Ko lambar ta ƙaru gobe, wa ya san ko ta iso mu? Kuma tsohuwar da sai saƙon murya take aikawa ba lalle ta faɗo cikin ƙidayar ba. Wani abin kuma, kamfani yana iya karɓar sababbin lambobi daga AFRINIC, hukumar da ke raba su a Afirka, ya ajiye bai yi aiki da su ba. Taki a buhu ai ba ya sa dawa ta yi zangarniya.

Wani zai ce mu da sabis ma yake ɗaukewa, ina ruwanmu da adireshi? Gaskiya ne, sabis ne kan gaba. Amma kayan da aka kafa bana su za mu yi shekaru muna amfani da su, gara tun yanzu a san irin waɗanda ake kafa mana.

Ana fitar da yawan masu layin waya jiha-jiha daga alƙaluman hukumar sadarwa ta NCC. Ina roƙonta ta ƙara layi ɗaya: kowane kamfani, a kowace jiha, kashi nawa na masu hulɗa da shi suke kan IPv6. In ya yiwu a kawo shi har ƙananan hukumomi 44 na Kano, mu ga na Gwarzo, mu ga na Kabo.