Kafin ka zuba kuɗinka a injin yankan kwana: zare ga matasan kafintoci

1/ Kullum sai ka ga matashi ya ɗora hoton inji uku yana tambaya: DeWalt, Makita ko Bosch, wanne ya fi? Nan take a cika masa wuri da "DeWalt ne sarki". A ganina tambayar ce ta zo a karkace. Ba wanda ya fi kake nema ba. Wanda zai iya aikinka, da wutar da kake da ita, shi kake nema. Ku biyo ni. 🧵

2/ Ga wanda bai san injin ba: zarto ne mai faifai da ake saukewa a kan katako. Yana juyawa hagu da dama don yanka kwana, kansa yana kwantawa gefe don yankan jirge, yana iya haɗa biyun lokaci guda, sannan yana zamewa gaba da baya don ya ci katako mai faɗi. Firem ɗin ƙofa, firem ɗin hoto, ƙafar kujera, katakon rufi, nan ne gidansa.

3/ Tambaya ta farko: me kake yankawa? In aikinka wadrob ne da kabet na kicin da MDF, dakata. Allon MDF faɗinsa santimita 122 ne, tsawonsa 244. Gefen wadrob kuwa yakan kai santimita 55 zuwa 60. Manyan injinan nan iyakarsu wajen santimita 30 zuwa 35. Ba za su tsaga maka allo ba. Zarton tebur ya kamata ka fara saya.

4/ Sai girman faifai, inda aka fi yaudaruwa. Faɗin yanka daga zamewar yake zuwa, kauri kuma daga girman faifai. Misali Metabo KGS 216 M: faifansa milimita 216 ne kawai, amma yana cin faɗin wajen santimita 30 da kaurin 6.5, nauyinsa wajen kilo 14. DeWalt DWS780 mai faifai 305 yana cin faɗin wajen 35 da kaurin wajen 11, nauyinsa wajen kilo 25.

5/ Ka ga kenan, bambancin faɗin bai taka kara ya karya ba. Babban ya fi ne a kauri. In kana yankan katako mai kauri irin 4 da 4, to babban ne naka. In kuwa firem ne da 2 da 4, kuma kullum kana ɗora inji a Keke Napep zuwa wurin aiki, ƙaramin zai yi maka aikin, bayanka ma ya huta. Faifansa kuma ya fi araha duk lokacin canji.

6/ Yanzu abin da bidiyoyin YouTube ba za su gaya maka ba, don ba kai suke yi wa magana ba: wuta. Wutarmu a Najeriya da Nijar wajen bolt 230 ce. Injin da aka yi don Amurka bolt 120 yake ci. Ka cusa shi kai tsaye a soket ɗinmu, ka ƙona shi tun kafin ya mayar maka da sisi.

7/ Na gwanjo daga Ingila ma ba tabbas ba ne. A wuraren gini na can da bolt 110 ake aiki, shi ya sa za ka ga wasu injinan da filogi rawaya mai ƙafa uku zagayayyu. In an yanke filogin an sa irin namu, ido ba zai gane ba. Ka karanta ɗan allon da ke jikin moto da kanka: 110, 120 ko 230. Kada ka tsaya a kan "ai yana aiki, Alhaji" na mai shago.

8/ Za a ce maka ai akwai tiransifoma. Gaskiya ne. Amma yi lissafi: na Amurka amfiya 15 yake ja a bolt 120, wat 1800 kenan. Lokacin tashi kuma yana jan fiye da haka. Ɗan tiransifoman caja ba zai ɗauka ba, sai mai wat 3000 ko sama, ga nauyi ga tsada. Ka haɗa kuɗinsa a kan na injin, sannan ka ga ko arahar tana nan.

9/ Haka janareta. Ƙaramin nan da ake kunna fanka da talabijin, wat ɗinsa bai kai 1000 ba, ba zai tayar da inji mai wat 1600 zuwa 2000 ba. Ko babba ne, ka nemi inji mai tashi a hankali maimakon mai fizga. Makita LS1019L da LS1219L suna da wannan. Ga mai aiki da janareta rabin yini, wannan ya fi masa leza amfani.

10/ Tarko na biyu a injin Amurka: ramin tsakiyar faifai. Na can mai inci 12 yawanci inci 1 ne, wato milimita 25.4, mai inci 10 kuma milimita 16 ba kaɗan. Na Turai yawanci milimita 30. Faifai mai babban rami zai hau ƙaramin inji da zobe. Mai ƙaramin rami ba zai hau babba ba, kuma don Allah kada ka kai a faɗaɗa shi. Faifan da ke juyawa sau dubu uku da wani abu a minti ba abin wasa ba ne.

11/ Don haka kafin ka biya kuɗi, zaga kasuwa ka tambayi faifan da zai hau injin, da kabon ɗin motonsa, da makunni. In ba ka samu ba sai an yi oda daga waje, ka sani ranar da kabon ya cinye aikinka ya tsaya, mai aiki kuma ba zai daina kiran wayarka ba.

12/ To mu zo kan manyan. DWS780 ƙarfinsa a faɗin yanka yake da kuma fitilarsa, wadda ke jefa inuwar faifan a kan katako. Inuwa ba ta buƙatar saiti, ko ka canja faifai tana nan daidai. Leza kuwa tana gocewa, sai an gyara. Rauninsa: sandunan zamewa suna fita ta baya, sai ka bar masa fili tsakaninsa da bango.

13/ Bosch GCM 12 GDL ba shi da sanduna. Hannu ne mai gaɓoɓi yake naɗewa, don haka kana iya jingina shi da bango. Amma ya haura kilo 30. Na shago ne, ba na yawo ba. Makita LS1019L da LS1219L sun mayar da sandunan gaba, su ma suna zama kusa da bango. In shagonka ɗan ɗaki ne, wannan kaɗai ya isa ya raba maka gardama.

14/ Festool Kapex KS 120 kuwa inji ne mai kyau, ba musu, ya yi suna wajen tattara ƙura in an haɗa shi da injin zuƙa. Amma kuɗinsa zai saya maka inji mai kyau da faifai masu kyau da canji. In masu ba ka aiki ba sa biyan kuɗin wannan matakin, sayensa burga ce kawai.

15/ Masu cewa "sayen nagari mai da kuɗi gida", na yarda da ku. Sai dai nagari ba ya nufin mafi girma ko mafi suna. Masu sauƙin kuɗi irin Ingco da Total ma suna kasuwa, kuma ga mai farawa ba laifi ba ne. Sharaɗin ɗaya ne ga kowa: inji ya yanka daidai, ya kuma maimaita daidai.

16/ Ga dalili. Firem mai kwana huɗu yanka takwas ne na digiri 45. In injin ya kuskure rabin digiri a kowane yanka, sun taru sun zama digiri 4. Shi ne wannan bakin da ke buɗewa a kwana, ka dinga cusa gam da garin katako. Mai aiki ba zai san sunan injinka ba, amma zai ga wannan bakin.

17/ Gwaji kafin biya, gani ya kori ji. Je da sukwayarka da guntun katako madaidaici. Ba tare da wuta ba, jawo kan injin har ƙarshe ka girgiza shi hagu da dama: in yana rawa, wuce. Ɗora sukwaya tsakanin faifai da katangar baya. Duba ko katangar a miƙe take. Juya zuwa 45 ka ji ko ya kama daram.

18/ Sannan a kunna. Yanka katakon a 90, kifa ɓari ɗaya, haɗa bakin biyu a jikin abu madaidaici. In akwai kuskure zai ninku, za ka gan shi da ido. Yanka biyu a 45, haɗa su, sa sukwaya. Mai shagon da ya hana ka wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa.

19/ Ka ware kuɗin faifai tun farko. Mai haƙora 60 zuwa 80 ya fi ba da yanka mai santsi a babban inji. Alminiyam yana da nasa faifan. Ƙarfe kuwa kada ka kusance shi da faifan katako. Inji matsakaici da faifai mai kyau zai kunyata inji mai tsada da dakusasshen faifai.

20/ Abu ɗaya da ba ciniki a kansa: murfin kariya. Na gwanjo da yawa suna zuwa murfin ya karye ko an cire. In bai sauko ya rufe faifai da kansa ba, kada ka saya, ko nawa aka rage. Wajen aiki kuma: jawo kan, kunna, sauke, sannan ka tura gaba. Hannu nesa da layi, tabarau a ido. Yatsa ba shi da safaya.

21/ Jerin da nake ba da shawara: aikinka, wutarka, faifai da kabon a kasuwarku, filin shagonka, gwajin sukwaya. Suna da launi su zo ƙarshe. Masu amfani da waɗannan injinan, ku faɗa mana a ƙasa wanne ne a hannunku, shekara nawa ya yi, kuma a ina kuke samun faifansa. Ƙannenmu masu tara kuɗi suna karantawa.