Zaƙin da Ke Cinye Gurbin Abinci a Cikin 'Ya'yanmu

Duk wanda ya miƙe a Zamfara yau ya ce a rage wa yara sukari, da wuya a rasa mai cewa ƙoshi ne ke ɗibarsa. Jihar da 'yan bindiga suka raba manoma da gonakinsu, jihar da likitocin ƙungiyar MSF ke kwantar da yara masu tamowa a babban asibitin Talata Mafara, ina ita ina zancen alewa? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. To wannan adadin shi ne hujjata. Ɗan mai hali in ya sha lemon kwalba, nama da ƙwai na jiransa a gida. Ɗan talaka kuwa, biskit ɗin da aka miƙa masa da hantsi sau da yawa shi ne ya maye gurbin abin da zai gina masa jiki, domin cikinsa ɗaya ne, kuɗin cefanen ma ɗaya ne.

Cikin yaro ɗan shekara ɗaya bai wuce kofin shayi guda ba. A dubi yadda safiya ke tafiya a gidaje da yawa. An damo koko tsululu, an zuba sukari cokali uku, an juya, yaro ya shanye. Can ya fara rigima, uwa na tsakiyar aiki, sai a tura yayarsa shagon ƙofar gida ta sayo cincin ko lemon leda mai rina harshe. Da rana ta yi an sauke ɗanwake, ya kai loma biyu ya ture kwano, sai a ce ai yaron nan ba ya son cin abinci. Yana so, gurbin ne aka riga aka cike. Sukari ƙarfi kawai yake bayarwa na ɗan lokaci. Babu abin gina tsoka a cikinsa, babu abin ƙara jini. Harshen da ya saba da zaƙi tun ana goye kuma, miyar kuka da kwaɗon zogale sai su riƙa yi masa salam.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini, ya fi kyau ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato kimanin cokalin shayi shida ga babban mutum. Kwalbar lemo mai santilita 35 kan ɗauki kusan cokali tara. A 2023 hukumar ta ce yaro daga wata 6 zuwa 23 kada a ba shi lemon zaƙi sam. Ga kuma haƙori: ƙwayoyin cutar baki da sukari suke rayuwa, su fitar da tsamin da ke cinye haƙoran nono, a yankin da ganin likitan haƙori tafiya ce mai zaman kanta.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ya kamata a amsa. Ledar gyaɗar da ake ba masu tamowa a asibiti ai da sukari a ciki, haka ma ruwan gishiri da sukari da ke ceto yaro mai gudawa. Gaskiya ne. Sai dai waɗannan magani ne mai awo da wa'adi. Ledar nan ta haɗa gyaɗa da madara da mai da sinadaran da jiki ya rasa, sukarin ɗan rakiya ne. Ruwan gudawa kuwa cokalin shayi shida ne na sukari a lita guda tare da rabin cokalin gishiri, sukarin na taimaka wa hanji ya tsotsi gishiri da ruwa. In aka musanya shi da lemon kwalba, yawan zaƙin kan ƙara tsinka cikin.

Wasu kuma za su ce kakanninmu sun ci nakiya da alkaki da mazarƙwaila, me ya same su? Sun ci, amma da salla ko biki ko ranar kasuwa. Rake sai an tauna an sha wuya, goruba sai an gwagwiya. Na yanzu yana rataye a kowane shago da ƙofar kowace islamiyya, an ƙulla shi daidai canjin da ke hannun yaro. Batun tsadar abinci mai gina jiki ma bai tsaya da ƙafarsa ba a nan. Dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978 har yau yana shayar da gonakin rani a ƙasashen Maradun da Mafara da Bakura, kuma duk da halin da ake ciki, dankali da tumatir da kankana na fitowa. Kuɗin biskit ɗin zai sayi ƙosai ko awara ko ƙuliƙuli, kuma garin gyaɗa cokali ɗaya a cikin koko ya fi sukari cokali uku amfani nesa ba kusa ba.

Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma hauhawar farashi ta lashe shi, kuma bai taɓa shafar lemon da ake haɗawa a gida a ƙulla a leda ba. Don haka maganar ta dawo tsakar gida, inda aka saba ɗora wa uwa laifi alhali ba ita kaɗai ke miƙa alewar ba. Maigida ne ke shigowa da ita da magariba, kawu ya zo da tasa, kaka kuwa in aka hana jikanta sai ta ɗaure fuska kwana biyu. Ma'aikatan awo da rigakafi su riƙa faɗa wa maza wannan, ba matan da ke kan layi kaɗai ba, malamai kuma su duba abin da ake kasawa a ƙofar makaranta. Magidancin da ya taso daga kasuwar Mafara ran Talata ba a ce ya shiga gida hannu rabbana ba. Ya riƙo dafaffen ƙwai, ko gwanda, ko ƙwaryar nono. Yaran za su taro shi da gudu kamar yadda suka saba.