Gernika Ta Sami Mai Tuna Ta, Namu Fa?

Yau a kan wani zane zan yi magana, kuma na san wasu za su ce ina ruwan ɗan kasuwar kifi da zanen Turawa. To a daure a ji.

Ranar Litinin 26 ga Afrilu, 1937, ranar cin kasuwa, jiragen yaƙin Jamus da Italiya suka yi wa garin Gernika da ke arewacin Sipaniya ruwan bama-bamai, don taimaka wa Janar Franco a yaƙin basasar ƙasar. Mutanen Franco suka musanta, wai abokan gabarsu ne suka ƙona garin da kansu. Sai Pablo Picasso, ɗan Sipaniya mazaunin Paris, ya amsa musu da zane mai faɗin kusan mita 8, babu launi a ciki sai baƙi da fari da ruwan toka. Ga uwa riƙe da gawar ɗanta tana kururuwa, ga doki an soke shi, ga mayaƙi a ƙasa da karyayyen takobi, ga wata mata wuta na cin ta. Bai zana jirgi ko tuta ba, waɗanda abin ya faɗa wa kawai ya nuna. Ya kuma ce kada a kai zanen Sipaniya sai ta sami 'yanci, bai isa can ba sai 1981. A 2003 ma, da Colin Powell ya je Majalisar Ɗinkin Duniya neman a yaƙi Iraƙi, sai da aka rufe kwafinsa da labule.

To jama'a, mu fa? A Fabrairun 2014 'yan Boko Haram suka kashe yara 59 a makarantar gwamnatin tarayya ta Buni Yadi. A Satumban 2021 jirgin sojan sama ya buɗe wuta a ƙauyen Buhari na ƙaramar hukumar Yunusari, da farko aka musanta, daga baya aka amsa. A Disamban 2023 aka jefa wa masu maulidi bam a Tudun Biri ta jihar Kaduna, fiye da mutum 80 suka rasu. Tsakani da Allah, wa zai iya kawo sunan mutum biyar cikinsu? Mun yi salati, mun ce Allah Ya kiyaye gaba, mun koma rumfa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kalmar nan ta "mu baƙi ne, kada mu sa baki". Baƙi a ina? Tun 1930 jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano, kakanninmu suka biyo fataucin gyaɗa da fata da kifi, a nan muka binne su tare da Mangawa da Badawa. Bam ba ya tambayar asalin mutum. Wanda ya ci kasuwar gari, ta'aziyyar garin ma tasa ce.

Wani zai ce addini bai yarda da zanen mai rai ba. Ban ce a yi zane ba. Amma ai malamanmu sun kiyaye sunayen shahidan Badar da Uhudu ɗaya bayan ɗaya, sama da shekara dubu. Yarda da ƙaddara ba ta hana rubuta suna ba, ba ta kuma hana tambayar wanda ya ba da umarni ba.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da malaman makaranta: a je wurin iyalai, a rubuta sunan kowa, da shekarunsa, da ranar da ya rasu, a buga littafi a sa a makarantu. Duk ran da muka shafe, mun sauƙaƙa wa mai kisan gobe ne.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.