Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ikkilisiyoyin Arewa: Ina Rabon Gwauraye?

Iyayenmu cikin Ubangiji, rabaran-rabaran, fastoci da dattawan ikkilisiya,

Ni 'yarku ce, a zumuntar mata nake hidima, kuma ba a rene ni da ɗaga murya a gaban manya ba. Sai dai maganar da muka kai wa dattawa a cikin ɗaki an ce za a duba, har yau shiru, shi ya sa na fito da ita fili.

Kowace Lahadi kuna koya mana cewa ƙaunar Almasihu ita ce mutum ya sa ɗan'uwansa gaba da kansa. Da ladabi nake tambaya: wannan koyarwa ta shafi asusun ikkilisiya, ko kuwa ta tsaya kanmu ne mu da ke zaune a benci?

Akwai wata gwauruwa a majami'armu, ba zan kama sunanta ba. Daga yankin Gwoza ta gudo a 2014, shekarar da Boko Haram suka kama garin, mijinta kuwa bai fito ba. Ita ke share majami'a ranar Asabar ba ko sisi, kuma daga ɗan ƙosan da take soyawa a bakin titi take fitar da zakkarta. Bara ɗanta ya kwanta da taifot har hanjinsa ya huje. Likita ya ce sai an yi aiki, asibiti ya ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa shi. Muka ruga wurin dattawa. Magatakarda ya ce a rubuto takarda, ma'aji ya ce sai kwamiti ya zauna, kwamiti ya zauna ya ce kuɗin da ke asusu an riga an ware su. A watan nan ne ake tara kuɗin motar Baba Rabaran. An buga ambulan, an yanka wa kowace ƙungiya abin da za ta kawo, ana kiran sunayen masu bayarwa ta lasifika ana tafi. Matar nan tana zaune a layin baya, tana ji.

Mata ne muka bi gida-gida. Wata ta sayar da akuyarta, maƙwabciyarta Musulma ta kawo kwasar adashinta gaba ɗaya. Kafin kuɗin su cika lokaci ya ƙure, aka yi aikin a makare, yaron bai tashi ba. Rai na Allah ne, na sani, ban kuma ce fasto ya yi ta yawo a ƙasa ba. Amma mota tana iya jira har baɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wanda ya miƙe a kwamitin nan ya ce a ɗage maganar motar ko da na wata ɗaya, shi ma Baba bai ce ba, alhali da ya buɗe baki an gama.

Ba haka bishara ta same mu ba. Asibitin Vom tun 1922 yake, na Galmi a Nijar tun 1950, kuma iyayenmu da yawa ta ƙofar asibiti da gidan kutare suka fara jin sunan Yesu, a hannun mutanen da ke wanke miki ba ƙyama. A 1969 'yar mishan Charlotte Shaw ta yi jinyar abokiyar aikinta Laura Wine da aka kawo Jos daga garin Lassa, ta ɗauki zazzaɓin Lassa daga gare ta, dukansu suka rasu. A 1970 zazzaɓin ya kashe Dakta Jeanette Troup, wadda ta yanke a hannu tana binciken gawa don ta gane abin da ke kashe jama'a. Namu na gida ma sun biya da jininsu: Rabaran Lawan Andimi na Michika, da aka kashe a Janairun 2020. Har limamin Nghar a Barikin Ladi, Malam Abubakar Abdullahi, a Yunin 2018 ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallaci da gidansa, ya tsaya a gaban masu makamai yana roƙonsu. Shi ransa ya sa a gaba, mu kuɗin aiki ɗaya ya gagare mu.

A ganina gasar gini ce ta cinye mu, da wa'azin arziki da muka kwaso daga talabijin, har mai kuɗi ya zama shi ne mai kujerar gaba. Na san akwai masu bishara a ƙauyuka da ke raba tuwonsu da marayu alhali albashinsu na wata da watanni bai zo ba. Su ne ke hana ni yanke ƙauna, ko da yake wani lokaci ina tsoron su ma za su gaji.

Roƙona bai da yawa. Tun a Ayyukan Manzanni sura ta 6, da aka yi gunaguni kan rabon gwauraye, mutum bakwai aka zaɓa musamman don wannan aiki. Ku ware asusun gwauraye da marasa lafiya a kowace majami'a, wanda gini ko mota ba za su taɓa ba, a ba mutum biyu ko uku, har da mace, ikon fitar da kuɗi a ranar da buƙata ta taso. A riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a. Asibitocinmu kuma su fara ceton rai, maganar kuɗi ta biyo baya. Kiran sunan mai baiko ta lasifika, don Allah a daina.

Taron majalisa na ƙarshen shekara yana zuwa. Ina roƙon a sa wannan magana a gaba, kafin a shiga maganar gini. Idan na yi kaushin baki, ku yafe mini.

'Yarku cikin Almasihu,
Wata 'yar zumuntar mata, Jos